Daga Kano zuwa ƙololuwar Kilimanjaro: takardu, kuɗi da abin da ake tararwa a kowane zango

Yawancin bayanan da ke intanet kan hawa Kilimanjaro an rubuta su ne don Turawa da Amurkawa, waɗanda ake buga wa biza a filin jirgi cikin 'yan mintuna. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Chadi ba haka lamarinsa yake ba, kuma idan ya bi tsarin da suka bi zai sayi tikiti ya zauna yana kallon ranar tafiya ta wuce. Shi ya sa zan jero matakan yadda na bi su: zaɓen lokaci da hanya, neman kamfani, biza, asibiti, kaya, sannan dutsen kansa zango bayan zango. Kuɗaɗen da zan ambata su ne na lokacin da na je, kuma hukumar da ke kula da dutsen takan sake su, don haka a tambayi kamfani sabon jadawali kafin a yi lissafi.

Dutsen yana arewa maso gabashin Tanzaniya, kusa da iyakar Kenya, kuma ƙololuwarsa da ake kira Uhuru tana da tsayin mita 5,895, babu wuri mafi tsayi a Afirka. An mai da shi gandun daji na ƙasa a 1973, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, hukumar TANAPA ce ke kula da shi. Abin da ya shafi mai shiri kai tsaye shi ne dokarsu: ba a barin kowa ya hau shi kaɗai. Dole sai da jagora mai lasisi, dole kuma sai ta hannun kamfanin da ya yi rajista, shi ne zai biya kuɗin gandu a madadinka ya karɓo izinin shiga. Ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofa. Saboda haka tun ranar farko da kamfani za ka yi hulɗa, kuma kusan komai ya rataya ne a kan wanda ka zaɓa.

Na fara da kalanda. Ruwan sama mai yawa yana sauka ne daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, sai kuma ɗan gajeren damina a Nuwamba. Lokutan da aka fi hawa su ne Janairu zuwa farkon Maris, da Yuni zuwa Oktoba. Na biyun ya fi bushewa amma ya fi sanyi da cunkoso, musamman Yuli da Agusta lokacin hutun Turawa. Sai ka ɗora kalandar Musulunci a kan wannan, ka kauce wa watan azumi. Matafiyi yana da rangwame, gaskiya ne, amma a can sama ana buƙatar shan ruwa lita 3 zuwa 4 kullum, kuma ban ga dalilin da mutum zai kai kansa inda dole ya ajiye azumi alhali shekara tana da wasu watannin ba.

Bayan lokaci sai hanya, kuma nan ne na fi daɗewa ina auna abubuwa. Hanyar Marangu ita kaɗai ce ke da ɗakunan kwana, a zangon Mandara, Horombo da Kibo, ana kuma yin ta a kwana 5 ko 6, shi ya sa ta fi araha. Matsalarta ita ce tana hawa da mutum kai tsaye ba tare da jiki ya samu sararin sabawa da ƙarancin iska ba, kuma ta inda ka hau ta nan za ka sauko. Rongai tana shigowa daga arewa, ɓangaren da ruwa bai cika sauka ba. Lemosho daga yamma take, kwana 7 ko 8, ta fi kyan gani, ta fi tsada. Umbwe gajeriya ce mai miƙewa sama, ba ta sabon shiga ba ce. Na tsaya a kan Machame ta kwana 7, mai nisan kimanin kilomita 62 hawa da sauka, saboda a tsakiyarta akwai ranar da ake hawa sama sosai da rana a sauko a kwana a ƙasa, kuma wannan ne ke horar da jiki. Akwai masu sayar da Machame a kwana 6. Ranar da suke cirewa ita ce ta hutawa kafin daren ƙarshe na hawa ƙololuwa, wato ranar da ta fi kowace amfani.

Da na rubuta wa kamfanoni, farashin da suka turo ya sha bamban har abin ya ɗaure mini kai, sai da na zauna na lissafa kuɗin gandu da kaina. Baƙon da ba ɗan Gabashin Afirka ba yana biyan dala 70 kowace rana kuɗin shiga, dala 50 kowane dare kuɗin kafa tanti, ko dala 60 idan ɗakin Marangu ne, da dala 20 sau ɗaya kuɗin ceto, sannan a ɗora harajin VAT kashi 18 cikin 100. Kasancewarka ɗan Afirka ba ya rage maka ko sisi, rangwamen na 'yan ƙungiyar ƙasashen Gabashin Afirka ne da baƙi mazauna Tanzaniya. Kwana 7 da dare 6 ke nan dala 490 da 300 da 20, jimilla 810, da haraji ya kai kusan dala 956. Wannan kuɗin gwamnati ne, kamfani ba ya cin komai a ciki. To idan wani ya ce zai kai ka a dala 1,200, tambayi kanka: ragowar ce za ta sayi abincin mako guda, ta biya mota, jagora, kuku da 'yan dako uku ko huɗu da kowane mahayi ke buƙata? Ba za ta isa ba, sai dai a danne haƙƙin 'yan dako, ko a rage abinci, ko a zo da tanti mai yoyo. Kamfanoni masu matsakaicin farashi suna tsakanin dala 2,000 da 3,000. Na nemi kowannensu ya turo hoton lasisinsa na TALA daga ma'aikatar yawon buɗe ido, na duba ko sunansa yana cikin abokan hulɗar KPAP, ƙungiyar da ke Moshi, garin da ke gindin dutsen, mai sa ido kan albashi da nauyin kayan 'yan dako. Na kuma tambaye su a rubuce ko suna tafiya da tukunyar iskar oksijin da na'urar auna iska a jini, jagora nawa ne ga mutum nawa a daren ƙarshe, da ko kwanan otal kafin hawa da bayansa yana cikin kuɗin. Wanda ya amsa da "kada ka damu" kawai, na cire shi.

Yanzu sai biza, inda zaren ya fi sarƙewa. Najeriya, Nijar, Chadi, Mali da Senegal suna cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba wa biza a filin jirgi. Sai an cike takarda a shafin hukumar shige da ficensu, a bi tsarin da suka sa wa suna Referral Visa, a jira amincewar shugaban hukumar. Su da kansu sun ce a nema aƙalla wata 2 kafin tafiya, kuma kada a sayi tikiti sai an amince. Amma takardar tana neman wasiƙar gayyata daga wanda zai karɓe ka, shi kuma kamfani ba ya rubuta wasiƙa sai ka ba da kafin alƙalami ka tsai da rana. Yadda na warware shi: na sa kamfanin ya rubuto a imel cewa idan biza ta yi jinkiri za a ɗaga ranar hawa ba tare da asarar kuɗin ba, sannan na tura ƙaramin kaso. Na tabbatar sunan da ke kan asusun na kamfanin ne, ba na wani mutum ba. Suka turo wasiƙa mai ɗauke da sunana kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo, ranakun zuwa da komawa da sunan otal, haɗe da takardun rajistarsu. Na ɗora su tare da hoton shafin farko na fasfo, wanda dole ya rage masa aƙalla wata 6, da hoton fuska, na biya dala 50 da katin da ke biyan kuɗin waje. Shafin yana ba da lambar shaida tun a farkon cikewa. Rubuta ta a takarda, domin da ita kaɗai za ka riƙa duba inda aka kwana.

Jiran yana da cin rai, ba a ɓoye wannan. Kullum ka buɗe shafin ka ga ana kan dubawa, ga kuɗinka a hannun mutanen da ba ka taɓa gani ba. Abin da ya rage mini zullumi shi ne na cika makonnin da sauran shirye-shirye. Na fara da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake yi a ofishin lafiya na filin jirgi bayan an biya ta Remita an bugo rasit. Wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kamar Najeriya, sai ya nuna shi kafin ya shiga Tanzaniya. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, don haka wanda yake da katin daga wata tafiya ya nemo shi kawai.

Daga nan na ga likita, kuma akwai maganar da ba za ka samu a shafukan Turawa ba sai da ƙyar: sikila. Mai SS ko SC ba shi da abin yi a wannan tsayin. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, shi ma ƙarancin iska da ƙishirwa suna iya sa jini ya toshe masa a saifa, abin da ke zuwa da matsanancin ciwo a gefen hagu na ciki. Mu da wannan jini ya yi yawa a cikinmu, gwajin nan ya kamata ya zo kafin biyan kowane kuɗi, kuma mai AS ya zauna da likitan da ya san lamarin. An auna mini hawan jini da suga, an saurari zuciya da huhu. Likitan ya rubuta mini acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, miligiram 125 safe da yamma, a fara kwana guda kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu, kuma mai rashin jituwa da magungunan sulfa sai ya faɗa wa likita. Na gwada shi a gida tukuna don in san yadda jikina zai karɓe shi. Sai inshora: dala 20 ɗin nan ta ceto tana biyan gadon ɗaukar marar lafiya mai taya ɗaya da motar gandu ne kawai, ba ta biyan jirgi mai saukar ungulu, ba ta biyan asibiti. Inshorar tafiya ta yau da kullum kuma sau da yawa takan tsaya a wani tsayi da bai kai na dutsen ba. Nemi wadda aka rubuta ƙarara cewa ta haɗa da tafiyar ƙafa har mita 6,000.

Horo ba ya buƙatar wani wuri na musamman. Tafiyar ƙafa ta awa 4 zuwa 6 a ƙarshen mako da jaka mai kilo 6 a baya, hawa da sauka a Dala ko Goron Dutse, ko matakalar bene a sauran ranaku, tsawon wata 2 zuwa 3. Wannan yana gina ƙafa da gwiwa, amma ba ya koya wa jiki ƙarancin iska. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi da ke gandun Gashaka-Gumti, mita 2,419 ne, kuma zangon farko da ake kwana a hanyar Machame ya riga ya fi shi tsayi. Kaya kuwa na raba su biyu. Takalmin hawa mai rufe idon sawu wanda ruwa ba ya shiga, shi na saya da wuri na riƙa horo da shi, da ɗan sarari a gaba domin saukowa ce ke kashe farce. Rigunan ciki na roba ko ulu, rigar sanyi mai laushi, wandon da ke saurin bushewa, hular sanyi da safa masu kauri, duk na tsince su a gwanjon Ƙofar Wambai. Auduga ba ta da amfani a can, tana shan gumi ta riƙe shi ta sanyaya mutum. Babbar rigar sanyi, jakar barci mai jure digiri 10 ƙasa da sifili ko fiye, sandunan tafiya da manyan safar hannu, waɗannan a Moshi na yi hayarsu, don babu abin da zan yi da su a Kano.

Da amincewa ta fito na bugo takardar kofi biyu, sannan na sayi tikitin Ethiopian Airlines daga Kano, a sauya jirgi a Adis Ababa zuwa filin jirgin Kilimanjaro. Na sa isowa ta zama kwana 2 kafin ranar hawa, na kuma sa takalmin a ƙafata na riƙe magunguna da riga ɗaya mai kauri a jakar hannu, domin idan babbar jaka ta makara komai ana iya haya ban da takalmin da ya saba da ƙafarka. A wurin 'yan canji na Wapa na dage sai sababbin takardun dala, na 2009 zuwa sama, marasa yagewa ko rubutu, don tsofaffi ba a cika karɓarsu a can ba. Kada a sa leda a kaya: Tanzaniya ta haramta ta tun 1 ga Yunin 2019, a kan dutsen ma ba a shiga da robar ruwa ta sha-ka-yar, sai gora mai ƙwari.

A filin jirgi an fara duba katin shawara tun kafin layin shige da fice, sannan jami'i ya karɓi takardar biza, ya tambayi otal da ranar komawa, ya ɗauki hoton yatsu. Direban kamfani yana waje da allo mai sunana, tafiyar ƙasa da awa guda ce zuwa Moshi. Agogonsu yana gaban namu da awa 2. Wani abin lura kuma, a Swahili ana fara ƙirga awa ne daga ƙarfe 6 na safe, don haka idan direba ya faɗi lokaci ka sa ya nuna maka a agogo. Na canza wasu daloli zuwa shilin don ƙananan sayayya. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. Da yamma jagora ya zo otal ya sa na baje kayana a kan gado, ya ɗaga kowane ɗaya ya duba, ya cire abin da ya ga nauyi ne kawai, ya auna jakar da ɗan dako zai ɗauka don kada ta wuce kilo 15. A nan ne na sake jaddada wa kuku maganar abincin halal. Musulmi suna da yawa a Moshi, samun naman yanka ba wuya ba ne, amma sai an faɗa kafin a yi cefane.

Ƙofar Machame tana kan kimanin mita 1,800. An rubuta sunana da lambar fasfo a babban littafi, sannan muka zauna jira fiye da awa guda yayin da ake tabbatar da biyan kuɗi, ana kuma ɗora kayan kowane ɗan dako a sikeli, don doka ba ta yarda ya ɗauki fiye da kilo 20 na kayan kamfani ba. Jiran nan al'ada ne, a ci abinci a cika gora. Ranar farko kilomita 11 ce cikin kurmi mai laima da santsi, awa 5 zuwa 7, ana jin birai baƙaƙe masu farin gashi a saman itatuwa. Jagoran yana tafiya a gaba da wani irin taku mai jinkiri da zai ba ka haushi, yana ta maimaita "pole pole", wato "sannu a hankali" da Swahili. Kada ka wuce shi. Waɗanda ke gudu a ranar farko don jin ƙarfi su ne ake gani zaune a kan dutse riƙe da kai a rana ta uku. Rana ta biyu gajeriya ce amma da miƙewa, kurmi ya ƙare, aka fito fili zuwa zangon Shira a kimanin mita 3,800, inda ake hango dutsen Meru ta yamma kuma raɓa ke daskarewa a kan tanti da dare.

Rayuwar zango tsari ɗaya gare ta. Da isowa a sa hannu a littafin jami'an gandu, a tarar 'yan dako sun riga sun kafa tantuna, a kawo ɗan ruwan ɗumi a roba, sai shayi da gugguru, sannan miya mai zafi da shinkafa, taliya ko dankali. Bayan cin abinci jagora yana maƙala na'ura a yatsa ya rubuta yawan iskar da ke jini da bugun zuciya, ya tambayi ciwon kai, barci, cin abinci da fitsari. Faɗa masa gaskiya, da wannan littafin yake yanke hukunci. Ruwan sha daga rafi ake ɗebo shi a tafasa ko a sa masa magani, kuma da yake a can sama ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, na ƙara da ƙwayar tsarkake ruwa. Ruwan ɗumin nan na roba da shi nake alwala, na kuma tafi da ƙaramar buta, don masan zango rami ne kawai babu ruwa. Alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, wanda ya saba fuskantar gabas sai ya kiyaye. Na riƙa yin kasaru ina haɗa salloli, inda sanyi ya tsananta kuma na yi taimama a kan dutse. Hukunce-hukuncen nan a tambayi malami tun a gida. A kula da hankakin dutse masu farin wuya, suna ɗauke abinci da zarar an juya baya.

Rana ta uku ce gwajin gaskiya. Ana hawa zuwa Lava Tower a kimanin mita 4,600, a ci abincin rana a can, a gangaro zuwa Barranco a kimanin mita 3,900, cikin wani kwari mai dogayen tsirrai masu kauri da ba a samun irinsu sai a manyan duwatsun Gabashin Afirka. A nan ne ciwon kai ya same ni, da ƙin abinci, da barcin da ake farkawa ana haki. Wannan ƙaramin ciwon tsauni ne, mutane da yawa suna yinsa, kuma ruwa, farasitamol, tafiya a hankali da kwana a ƙasa sukan kwantar da shi. Dalilinsa shi ne iska tana sirancewa yayin da ake hawa, har a ƙololuwa numfashi guda yana kawo kusan rabin oksijin da yake kawowa a bakin teku. Abin tsoro shi ne idan ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Alamun na farko su ne haki ko a zaune, tari mai kumfa da ƙarar ruwa a ƙirji. Na biyu kuma tangaɗi kamar mai maye, ruɗewa da amai ba tsayawa. Maganinsu ɗaya ne, sauka nan take ko da tsakar dare ne. Oksijin na tukunya don a samu a sauko da mutum ne, ba don ya ci gaba da hawa ba.

Katangar Barranco, mai tsayin kimanin mita 250, ta fi ban tsoro daga nesa. Ba a sa igiya, ana kama dutse da hannu ne, a naɗe sanduna a sa a jaka, kuma akwai wuri ɗaya matsattse da sai ka rungumi dutsen ka wuce. Abin da ke cin lokaci shi ne layi, don 'yan dako ɗauke da kaya a ka suna bi ta wannan hanyar, kuma su ake ba wa hanya. Daga nan sai Karanga a kusan mita 4,000, kwarin da ke ƙasanta shi ne wurin ɗiban ruwa na ƙarshe. Duk ruwan da za a sha a Barafu, zangon ƙarshe kafin ƙololuwa, mai mita 4,673, a ka ake hawo da shi, don haka ba wurin wanke-wanke ba ne. Mai kwana 6 yana wuce Karanga ya isa Barafu da yamma a gajiye, ya tashi tsakar dare. Mai kwana 7 yana isa da azahar ya kwanta. Kuɗin gandu na wannan ƙarin ranar bai kai dala 142 ba.

An tashe mu ƙarfe 11 na dare, shayi da biskit, muka kama hanya wajen 12. Na sa riguna huɗu a sama, wando uku, safar hannu biyu, sabon batir a tocilar goshi, waya kuma a aljihun ciki don sanyi yana shanye caji. Sanyin yana iya kaiwa digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili idan iska ta taso. Bututun jakar ruwa yana daskarewa, gara gora da ruwan ɗumi a cusa ta cikin safa a juya bakinta ƙasa, tunda ƙanƙara daga sama take fara kamawa. Nisan bai fi kilomita 5 ba amma hawan ya haura mita 1,200, awa 6 zuwa 8 a kan tsakuwa mai zamewa, ba ka ganin komai sai dugadugan na gabanka. Hutu ba ya wuce minti 5, in ya wuce jiki ya sandare. Dabino ya fi mini duk wani abin zaƙi, don cakulan yana zama kamar dutse. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 ne lokaci mafi wuya, barci yana fizgar mutum yana tafe, a nan ne mutane suka fi juyawa. Na yi asuba a gefen hanya da taimama, gari ya waye ta bayan tsaunin Mawenzi muna dab da Stella, mita 5,756, a bakin ramin da ke saman dutsen. Daga nan zuwa allon Uhuru kusan awa guda ce a kan hanya mai sauƙin hawa, ga ƙanƙara tsaye kamar bango a gefe. Ba a daɗewa, minti 15 a ɗauki hoto a juya. Da rana ta fito sai baƙin tabarau da man kare fata, domin hasken can yana ƙona baƙar fata ma. Man kaɗanya yana hana leɓe tsagewa amma ba ya tare rana.

Saukowa ita ce ba a cika ba wa mutane labarinta ba. Awa 2 zuwa 3 ana zamewa cikin ƙura zuwa Barafu, a ɗan kishingiɗa, a ci abinci, sannan a sake ɗaukar hanya zuwa zangon Mweka a kimanin mita 3,100. Ranar takan kai awa 12 zuwa 15 ana tafe, gwiwa da yatsun ƙafa ne ke biyan bashin. A ɗaure igiyar takalmi tamau a wuyan ƙafa, a tsawaita sanduna, farce kuma a yanke shi tun a otal. Washegari da safe ake ba da tukuici, kuma a can ba kyauta ake ɗaukarsa ba, wani ɓangare ne na abin da ma'aikatan ke dogaro da shi. Abin da aka saba, daga ayari gaba ɗaya a kowace rana, shi ne kimanin dala 20 ga babban jagora, 15 ga mataimaki, 12 zuwa 15 ga kuku, 6 zuwa 10 ga kowane ɗan dako, wanda yakan kama dala 250 zuwa 350 a kan kowane mahayi. Na nemi jerin sunayen ma'aikatan tun a zangon farko, na ƙirga su da idona, na kuma faɗi rabon kowa a bainar jama'a kafin in miƙa. A ƙofar Mweka, mita 1,640, aka sa hannun fita, jagora ya karɓo takardar shaida: mai ruwan zinariya ga wanda ya kai Uhuru, koriya ga wanda ya tsaya a Stella.

Wanda zai bi wannan hanya ya ba kansa aƙalla wata 4 daga ranar da ya fara rubuta wa kamfanoni, ya yi gwajin jini kafin ya ba da kafin alƙalami, ya sami biza kafin tikiti. A lissafinsa ya haɗa kuɗin kamfani, tikiti, biza, inshora, hayar kaya, tukuici, cajin banki na tura kuɗi waje da abincin kwanakin Moshi, don da yawa kuɗin kamfani kaɗai suke kallo. Idan aljihu ya matse, a rage darajar otal da sayen sababbin kaya, a bar kwanakin dutse yadda suke. Mai niyyar zuwa da iyali ya sani ba a barin yaron da bai kai shekara 10 ba ya hau zuwa sama. Tikitin komawa kuma a sa shi kwana guda bayan saukowa, domin daga ƙofar Mweka sai an koma otal an mayar da kayan haya an karɓi ajiyar da aka bari, kuma ƙafar da ta gangaro fiye da mita 4,000 cikin yini biyu ba ta son zaman kujerar jirgi a daren.